Yadda ake sa wa malejin tsohuwar mota mai ba tare da an kashe shi ba

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san rawar nan. Kana tafiya a kan kilomita 60, allurar maleji tana kaiwa da komowa tsakanin 45 da 80 kamar mai rawar ɗari, daga bayan dashbod kuma wata 'yar ƙara tana fitowa, ƙis-ƙis-ƙis, tana ƙaruwa in ka ƙara wuta. Ka share ta wata ɗaya, wata biyu. Ran nan da sanyin safiya sai ƙarar ta koma ihu, allurar ta yi tsalle ta ƙure, ta dawo ta kwanta a kan sifili, ba ta sake motsi ba.

Nan take mutane ke ɗora wa agogon malejin laifi, su ciro shi su buɗe, su tuttula masa mai. Sau da yawa kuwa agogon lafiyarsa ƙalau, wayar da ke juya shi ce ta bushe. Shi ya sa a aikin nan ake farawa daga waya, ba a taɓa cikin agogo sai an rasa yadda za a yi. Mai kuma ɗan kaɗan ake sawa. Malejin da yawan mai ya kashe ba su ƙirguwa.

Abin da ke faruwa a ciki

Sai ka san yadda abin yake aiki za ka gane dalilin da ya sa ake tsoron mai a wasu wuraren. Irin malejin da ke kusan duk motocin da aka ƙera kafin malejin lantarki ya mamaye kasuwa, asalinsa ƙirar wani injiniya Bajamushe ne, Otto Schulze, wanda ya yi rajistarta a 1902. Kamfanoni irin su Smiths, VDO, Jaeger, Veglia da Stewart-Warner sun yi ta ƙera shi shekara da shekaru, fuska daban-daban amma ciki kusan ɗaya.

A bayan giyabos akwai wata 'yar giya da ke juyawa tare da sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi. Ita ke juya waya. Wayar nan biyu ce a haɗe: akwai kube na waje da ba ya motsi, akwai ta ciki wadda aka nannaɗe da siraran wayoyin ƙarfe hawa-hawa, bakinta biyu an danne su sun zama masu kusurwa huɗu. Ta cikin ita ke juyawa. A wasu motocin ba daga giyabos take tasowa ba. Volkswagen Beetle, misali, daga cibiyar tayar gaba ta hagu wayarta take fitowa.

In ta iso agogo sai ta juya wani ɗan maganaɗisu. Maganaɗisun yana juyawa dab da wani ɗan kofin alminiyom marar nauyi, amma ba sa taɓa juna ko kaɗan. Juyawar maganaɗisun ce ke haifar da wata 'yar wutar lantarki a jikin kofin, ita kuma ta sa kofin ya riƙa ƙoƙarin bin sa. A jikin kofin allura take. Akwai kuma wani sifirin siriri kamar gashi, irin na agogon hannu, da ke ja da kofin baya. Inda jan maganaɗisu da jan sifirin suka yi kunnen doki, nan allura ke tsayawa. Lambobin da ke ƙirga tafiya kuwa hanyarsu daban: wasu murɗaɗɗun giyoyi ne ke ɗaukar juyi daga sandar maganaɗisun kai tsaye su kai musu.

Ƙarfin da ke ɗaga allurar nan bai taka kara ya karya ba. Ɗigon mai ɗaya a tsakanin maganaɗisu da kofi ya isa ya haɗa su, sai allura ta riƙa tashi a hankali kamar mai ciwon baya, ko ta ƙure a gudun da bai kai ya kawo ba.

Saurari motar tukuna

Alamar da take nunawa ita za ta gaya maka inda za ka dosa. Rawar allura a ƙaramin gudu, wadda ke raguwa in an ƙara wuta, kusan kullum waya ce: ko ta bushe, ko ta lanƙwashe, ko an bi da ita ta wata kwana mai tsanani. Tana maƙalewa, ta murɗe kamar igiya, ta saki gaba ɗaya, allura ta yi tsalle. Ƙarar ƙis-ƙis mai bin gudun mota ma waya ce, mai yiwuwa wani silin ya tsinke yana kartar kube.

Ihu ko kuka mai tsini daga bayan agogon kansa, musamman da sanyi, bushin ɗin da wayar ke shiga ne ya bushe, wato zoben da sandar maganaɗisu ke juyawa a cikinsa. Wannan kada a yi masa jinkiri, don in ya ƙafe zai tsinka waya.

In allura ta mutu lambobi ma sun tsaya, juyi ne ba ya isowa: waya ta tsinke, ko bakinta ya cinye, ko 'yar giyar ƙasa ta zubar da haƙora. In lambobi na tafiya allura ba ta motsi, ko allura na aiki lambobi sun tsaya, to juyi yana isowa, matsalar tana cikin agogo.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Sifanu da sukudireba, filaya, tocila, tsummoki masu tsabta waɗanda ba sa zubar da zare, kananzir ko ruwan wanke birki, farin giris marar kauri, da man keken ɗinki ko man agogo. In kana da injin huda mai juyawa gaba da baya, zai yi amfani wajen gwaji. Wayar salula mai kyamara ma kayan aiki ce a nan: ɗauki hoton komai kafin ka kwance.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne girisin cibiyar taya mai kauri, da baƙin man inji, da man feshin nan na kwance tsatsa. Mai kaurin yana daskarewa da sanyi ya riƙe waya. Baƙin mai yana hawa sama. Na feshin kuwa ƙarar za ta yi shiru kwana kaɗan, ya bushe, ka koma gidan jiya, har ma ya wanke ɗan girisin da ya rage. Akwai masu son garin girafait, irin baƙin da ke cikin fensir, kuma yana aiki a waya. Ni dai na fi son farin giris, saboda gari in ya sami hanya ya shiga agogo ba ya fita da sauƙi.

Ciro wayar

Fara da cire kan batir, wanda ke haɗe da jikin mota. Kada ka ɗauka lallai na ragi (−) ne, domin tsofaffin motocin Ingila da yawa kan ƙari (+) ne ke haɗe da jiki. Wannan ba tsoro ba ne na banza. Bayan dashbod ɗin tsohuwar mota cike yake da wayoyi tsirara, wasu ma babu fis a kansu, sifana ɗaya ta gifta sai hayaƙi.

Kwanta ka leƙa da tocila. Za ka ga kube mai kauri kamar ɗan yatsa yana shiga tsakiyar bayan agogo. Yawanci noti ne mai zane-zane a jiki da ake kwancewa da yatsu. A motocin da suka fi sabunta kilif ne na roba ko na ƙarfe da ake dannawa a ja. In notin ya ƙi, naɗa masa tsumma ka kama da filaya a hankali. In hannunka ba ya kaiwa, kwance allon agogunan ka jawo shi gaba kaɗan, amma ka tuna wayar ce ke riƙe shi, kada ka fizga.

Da kuben ya fito, kama bakin wayar ciki ka zaro ta. A yawancin motoci ta sama take fitowa, don akwai wani ɗan ƙulli kusa da bakin da ke hana ta zurmawa ƙasa. Shimfiɗa tsumma a kan kujera tun kafin ka fara ja, saboda za ta fito baƙa ƙirin, tana lilo tana shafar duk abin da ta samu. In guntuwa ta fito, ta tsinke ke nan, sauran sai ka shiga ƙarƙashin mota ka kwance ɗaya bakin ka zaro shi ta can. Shiga ƙarƙashin mota kuma sai an tokare ta da abin tokara mai ƙarfi an sa wa tayoyi waigi. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne.

Wasu wayoyin na baya-bayan nan a rufe suke, ta cikin ba ta zaruwa, kuben kuma an yi masa shafen roba a ciki. Irin waɗannan in sun lalace sauyawa ake yi.

Wanki da dubawa

Jiƙa wayar a kananzir, ka goge da tsumma, ka sake, har tsumman ya daina baƙi. Bar ta ta bushe. Sannan ka bi ta da tsumma a hankali daga wannan baki zuwa wancan. Duk inda tsumman ya kama, sili ne ya tashi, kuma wayar da sili ya tashi a jikinta ta gama aiki. Kada ka gwada da yatsa tsirara, yana huda fata.

Gwajin lanƙwasa iri biyu ne, ka yi duka. Kwantar da ita a miƙe a kan tebur mai santsi ka mirgina ta da tafin hannu. In akwai inda ta karye za ka ga wurin yana ɗagawa yana faɗuwa. Sai kuma ka riƙe bakin biyu, ɗaya a kowane hannu, tsakiyar ta sauko kamar baka, ka murza baki ɗaya da yatsu. Lafiyayyar waya za ta juya sumul. Mai lahani za ta yi tauri, ta yi tauri, sannan ta yi wuf ta juya lokaci guda. Wannan wuf ɗin shi ne ainihin rawar da kake gani a allura. Ba a miƙar da irin wannan waya. Na gwada, na ɓata yini guda, bayan mako ɗaya rawar ta dawo.

Duba bakunan biyu. Kusurwoyin su kasance da kaifi. In sun goge sun kusa zama zagaye, wayar za ta riƙa zamewa a cikin raminta.

Kuben ma a bi shi da ido daga sama har ƙasa. Nemi inda ya matse, inda ya goga da sitiyari ko fedar kuloci, inda zafin salansa ya ƙona shi, da inda robarsa ta tsage ruwa ke shiga. In kube ya lalace, sabuwar wayar ciki ba za ta daɗe a cikinsa ba, sai a sauya su tare. In lafiyarsa lau amma cikinsa ya yi datti, kwance shi gaba ɗaya, ka rataye, ka zuba kananzir ta sama har ya fito fari ta ƙasa, ka bar shi ya tsane sosai.

Akwai abu guda da ya kamata ka lura da shi tun lokacin da ka zaro wayar. In ta fito jiƙe sharkaf da mai mai warin man giya, to sil ɗin da ke wajen 'yar giyar ƙasa, wato robar da ke hana mai fita, ya mutu. Naɗin wayar kamar sukuru yake, yana juyawa yana tura mai sama har cikin agogo. Wani ma sai ya ga mai na ɗiga masa a gwiwa daga ƙarƙashin dashbod ya rasa daga ina. Sai an sauya sil ɗin nan, in ba haka ba duk wankin da ka yi aikin baban giwa ne.

Sa giris

Nan ne ake yin kuskuren. Lakato giris kamar ƙwayar wake a yatsa, ka murza a tafin hannu, ka ja wayar ta ciki. Shafe ake so wanda zai sa ta yi sheƙi, ba wanda za a ga farinsa a tare ba. Fara daga bakin ƙasa, ka shafa kashi biyu cikin uku na tsawonta. Kashi na sama bar shi da ɗan abin da ya rage a hannu, santimita 15 zuwa 20 na ƙarshe kuwa goge shi tas. Kada ka ji tsoron wurin zai bushe. Wayar da kanta za ta kai masa rabonsa in ta fara juyawa.

Na koyi wannan ne a jikina. Farkon malejin da na taɓa yi wa aiki, cika kuben na yi da giris har yana fitowa ta baki, ina ganin na yi gwaninta. Sati biyu motar shiru, allura ba ta rawa ko kaɗan. A na uku sai na ga ina tafiya a hankali cikin layi allura tana nuna 90, in na tsaya kuma sai ta ɗauki lokaci tana saukowa. Da aka buɗe agogon, girisin ya cika tsakanin maganaɗisu da kofi, har ya kai ga sifirin. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Zura wayar cikin kube kana juya ta a hankali. In ta kusa ƙarewa za ta tsaya da saura kaɗan. Ci gaba da murzawa kana ɗan dannawa har ka ji ta faɗa ramin 'yar giyar ƙasa. Alamar ta shiga ita ce ba za ta ƙara juyuwa da yatsu ba. In ta ƙi, kada ka tilasta, je ka kwance bakin ƙasa ka daidaita da hannu.

In sabuwar waya ka sa, jera ta da tsohuwar ka gwada tsawo. Abin da ke leƙowa daga bakin kube ta sama bai cika wuce kusan santimita ɗaya ba. In ta yi tsawo, da ka ɗaure noti za ta tura sandar maganaɗisu ciki, maganaɗisu ya fara gogar kofi, ka ɓata agogo mai lafiya da sabuwar waya. In ta gaza kuma ba za ta kama ba.

Kafin ka haɗa da agogo, sa wani ya tura motar 'yan taku kana kallon bakin wayar. Ya kamata ya juya a tsakiya, ba tare da yana kaɗa kai ba. In bai juya ba sam, matsalar tana ƙasa: 'yar giyar, wadda a motoci da yawa ta roba ce, ko kuma ɗan gwiwar ƙarfen da wasu motocin ke da shi a bakin giyabos don karkatar da juyi. Noti ko ƙusa ɗaya ke riƙe gidan 'yar giyar. Ajiye kwano a ƙasa, mai zai ɗan zubo. In za ka sauya ta, ƙirga haƙoranta, sabuwar ta zo daidai da adadin.

Hanyar da kube ke bi tana da muhimmanci kamar girisin. Kowace kwana ta zama mai faɗi, kada ta fi da'irar da ke da santimita 15 daga tsakiya zuwa gefe matsewa, kuma kada a lanƙwasa shi dab da bakinsa na sama ko na ƙasa. Nisanta shi da salansa. Mayar da robar da ke ramin bangon inji. Maƙalai su riƙe shi ba tare da sun shaƙe shi ba. Notin bayan agogo da yatsu ake ɗaure shi, ban da filaya.

Bushin ɗin bayan agogo

Tun da wayar tana kwance, gwada agogon. Sami guntun tsohuwar waya, ko tsinken ashana da ka fere, ka sa a ramin ka murza. Ya juya ba tare da tauri ba, in ka murza da sauri ta ɓangaren da ya dace kuma allura ta ɗan zabura. In ya yi tauri, ga abin da ya tsinka tsohuwar wayar, kuma zai tsinka sabuwar.

Ciro agogon ka kai tebur. Wasu tsofaffin, musamman na motocin Amurka, suna da ɗan rami a wuyan da waya ke shiga, an toshe shi da ƙaramin murfin tagulla, a ciki akwai lagwani. Cire murfin, ɗiga man keke ɗigo biyu ko uku a lagwanin, ka mayar. In babu ramin, kifa agogon fuskarsa ƙasa a kan tsumma mai laushi, ka tsoma tsinke a mai, ka ɗora ɗigo ɗaya a inda sandar mai juyawa ta haɗu da wuyan. Murza, ka jira ya tsotse, ka ƙara ɗaya. Ya isa haka. Kada ka bar shi a kife ya kwana, man zai gangara inda ba a so.

In ya saki, ɗaura guntun waya a injin huda ka gwada. Yawanci sai an sa injin a juyin baya allura ke tashi, amma ka riga ka gano ɓangaren da yatsu. Fara a hankali, ka ƙara kaɗan-kaɗan, kada ka ƙure injin. Allura ta hau sumul, ta tsaya inda ka tsayar, ta sauko ba tare da maƙalewa ba. In ta yi haka, kada ka buɗe agogon nan. Mayar da shi.

In dole sai an buɗe

Gaskiya ita ce, agogon mota mai daraja ko wanda ba a samun irinsa gara a kai wa mai gyaran irin waɗannan na'urori. Wanda ya ga zai iya, ga abin da zai kiyaye.

Teburin ya zama fes, babu garin ƙarfe ko kusa, domin maganaɗisu zai tsince shi. Zoben da ke riƙe gilashi a yawancin na Smiths murɗawa ake yi ya fita. Na VDO kuwa an danne bakinsa ne a kewaye, sai an bi shi da siririn sukudireba ana ɗagawa kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye. Sukurori biyu a baya ne suka saba riƙe kayan cikin.

Fuskar agogo ba a taɓa ta da yatsa, ba a kusantar ta da fetur ko tina, rubutun zai bi tsumma. Burushi mai laushi busasshe ya wadatar. Wasu agogunan na da can, musamman na motocin soja, fentin da ke haske da dare a jikinsu yana ɗauke da sinadarin radiyom mai cutarwa. In ka ga fenti mai kauri da ya koma ruwan ƙasa yana marmashewa a kan allura da lambobi, kada ka kankare, kada ka hura, rufe ka kai wa masana.

In za ka iya aikin ba tare da cire allura ba, bar ta. In dole ne, ɗaga ta a hankali ta tsallake ɗan turken da take kwanciya a kai, ka bar ta ta tsaya inda take so, ka yi alama a gefen fuskar, ka ɗauki hoto. A wurin nan za ka mayar da ita. Wanda ya manta wannan, malejinsa zai riƙa ƙarya a kowane gudu. Ana cire ta ne da ƙananan cokula biyu, ɗaya ta kowane gefe, an sa takarda a ƙarƙashinsu, a miƙe sama. Sandar allurar siririya ce ƙwarai, in ta karye an gama.

A ciki, tsohon girisin da ke kan murɗaɗɗun giyoyi za ka tarar ya bushe kamar ƙaro. Kankare shi da tsinke da ɗan burushi da aka jiƙa kaɗan, ka sa sabo ɗan mitsitsi a haƙoran. Duba giyoyin roba da kyau. A agogunan VDO na shekarun 1980 sanannen abu ne ƙaramar giyar lambobi ta tsage ko ta zubar da haƙora, lambobi su tsaya allura na aiki, kuma ana samun madadinta. Ƙafafun lambobin kansu ba a sa musu mai, ba a kuma wanke su da wani ruwa mai ƙarfi. Kada ka juya su ka sauya adadin. Ƙasashe da yawa sun haramta hakan, kuma adadin nan tarihin motar ne.

Garin ƙarfen da ya manne wa maganaɗisu, da salatif ake ɗauke shi. In mai ya shiga kofi, goge da auduga a kan tsinke da ɗan ruwan wanki mai bushewa da wuri. Sifirin mai kamar gashi kada mai ya taɓa shi, kada yatsa ya taɓa shi. In zagayensa suka manne da juna, awon ya tashi daga aiki. Inda sandar allura ke zama, abin da kan allurar ɗinki zai ɗauko na man agogo ya isa, kuma in kana shakka gara ka bar shi haka. Maganaɗisun kada a buga shi, kada a gasa shi, ƙarfinsa raguwa yake yi.

Gaskiya yake faɗa?

Bayan an haɗa komai an mayar da batir, sami miƙaƙƙiyar hanya, wani ya riƙe wayar salula mai nuna gudu ta tauraron ɗan'adam, ku gwada a 40, a 60, a 80. Ku kuma gwada lambobi a kan tafiyar kilomita goma. In ya ɗan ɗara gaskiya kaɗan, haka aka saba yin su. Ƙa'idar da Turai ke bi ma ba ta yarda maleji ya nuna ƙasa da ainihin gudu ba, amma ta yarda ya ɗara da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4.

Haɗa sakamakon biyun zai nuna maka mai laifi. In allura da lambobi duk sun kauce da kashi iri ɗaya, agogon ba shi da laifi, juyin da ke iso masa ne ba daidai ba: an sauya girman taya, ko giyar aksul, ko 'yar giyar maleji. Tayar da ta fi ta asali girma da kashi 5 cikin ɗari za ta sa ka ga 80 alhali kana kan 84. In kuwa lambobi daidai suke allura ce ke ƙarya, cikin agogo ne. Maganaɗisun da ya tsufa yana sa ta nuna ƙasa, sifirin da ya saki yana sa ta nuna sama, kuma duka biyun aikin mai na'urar awo ne.

Kowane agogo an yi shi ne don wani adadin juyi. Motocin Amurka da yawa juyi 1000 ne a mil guda, na Japan 637 a kilomita. Smiths sukan rubuta nasu da ƙananan lambobi a ƙasan fuskar. Kana iya auna abin da motarka ke bayarwa. Cire wayar daga bayan agogo, manna wa bakinta ɗan salatif kamar tuta, auna mita 10 daidai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tauri, tayoyi da iskarsu yadda ya kamata, a tura motar kana ƙirga juyin tutar har da ɓurɓushinsa. Ninka da 100, ka sami juyi a kilomita. In na mil kake nema, ƙara ninkawa da 1.609. Ɓurɓushin nan kada ka raina shi, domin juyi 1000 a mil yana daidai da kusan 621 a kilomita, wato 6.2 a mita goma, na Japan kuma kusan 6.4. Yi awon sau uku ka ɗauki matsakaici. In adadin ya yi nisa da abin da ke rubuce a agogon, ko dai agogon ba na motar ba ne, ko 'yar giyar ƙasa ce za a sauya da mai haƙoran da suka dace.

Motar da ake hawa kullum, a zaro wayar a duba ta duk bayan kilomita 15,000 ko makamancin haka. Wadda ke yawan zama a rufe kuwa shekaru za a ƙirga mata, duk shekara biyu, saboda giris yana bushewa ko mota ba ta motsa ba. Bayan kowane aikin kuloci ko giyabos kuma a leƙa a ga ta inda aka mayar da kuben, don a nan aka fi matse shi ko a jingina shi da salansa.